Turken Jitar Kawu Seidu

Tun da aka yi sadakar arba'in ta Kawu Seidu, ba a cika mako guda wani saurayi bai yi sallama a ƙofar gidanmu a Sabonjida, nan Tamale, ba. Maganar tasu ɗaya ce: Azara, ki koya mana jita ta kwance. Na shekaranjiya har da dariyarsa. Ya ce, "Ai a cikin kayan kiɗa babu mai sauƙinta. Kana zaune kamar tela, kana goga ƙarfe a kan waya, tana yi maka kuka. Ko yatsa ba ka dannawa." Ni kuwa idan na fara maganar da baki, ba na iya kai ta ƙarshe. Shi ya sa na ɗauko wani littafin rubutu da ya rage mini tun na sakandare. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Abu ɗaya nake so ku riƙe tun daga nan. Wanda ya zauna a gaban jitar nan ya ba mai haɗa ta ajiyar ransa. Shekara biyar ni ce mai haɗawa, Kawu ne mai zama.

Kawu Seidu ƙanen mahaifiyata ne. Fita ne, wato makanike, yana gyaran lori a garejin gwamnati. Ya je yaƙin Turawa a matsayin direba, a can ya fara jin irin jitar da ake kwantarwa, ana zamar da ƙarfe a kan tsirkiyoyinta. Da ya dawo sai ya sayi wata a Takoradi, a hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa. Wuya biyu gare ta, ɗaya a bayan ɗaya, kowane da tsirkiya takwas, tana tsaye da ƙafa huɗu kamar ƙaramin tebur. Ba ta da feda. Feda a hoto ya gan su, a yagaggen shafin mujallar da aka naɗo masa wani kayan mota a ciki. Hoton bai nuna abin da ke ƙarƙashi ba, don haka sai da ya ƙirƙiro da kansa. Ya yi sandunan ja da birkin keke, ya ciro sifirin daga tsofaffin kabireta, ya yanko feda huɗu daga ƙarfen kujerar lori. Ka taka feda, sanda ta ja tsirkiya, murya ta hau ba tare da ka motsa hannu ba. Wannan kukan da kuke so, daga ƙafa yake fitowa.

To feda huɗu ne, wuya kuma biyu. Sai ya ƙera liba a gefen dama. Ka jawo ta wajenka, fedodin su kama wuyan kusa, wanda aka ɗaure don hailaif da kiɗan rawa. Ka tura ta, su saki, su haye su kama wuyan nesa, na kiɗa mai sanyi da ake yi wa manya idan sun zauna. Tsallake muke ce wa libar. Duk Tamale ba wanda ya taɓa ganin irinta, kuma ban ji an ce akwai a Kumasi ba.

Aikin farko da ya ba ni, noti ne ya faɗa masa cikin sandunan. Ina da shekara goma sha biyar, muna hutun makaranta. Hannunsa irin na masu ɗaga injin ne, ba ya shiga. Ya ce, "Malama, ara mini yatsunki." Malama yake ce mini don ina karatun boko. Na kwanta rigingine a ƙarƙashin jitar, na ciro notin, kuma na daɗe ban fito ba, ina kallon yadda ƙugiya takwas ke jiran tsallake, huɗu nan huɗu can. Na ce masa ta uku ta karkace. Ya leƙa ya gani, sannan ya miƙo mini filaya.

Mma, wato mahaifiyata, ta fito daga madafa ta tarar da ƙafafuna kawai a waje.

"Seidu! 'Yar da nake kai wa makaranta ta zama nas, ita ka tura ƙarƙashin tebur?"

"Yaya, ai aikin nas ɗin take yi. Ga mara lafiyar nan kwance."

"Allah ya shirye ka."

"Amin, mu duka."

Wata shida ban taɓa tsirkiya ba. Ina goge sanduna da tsumma da kananzir, ina ɗiga man keken ɗinki a mahaɗa, ɗigo ɗaya, don na biyu ƙasa yake tarawa. Ina yanka faratan kiɗa daga gwangwanin madara, ina goge bakinsu a dutse har su daina yankan fata. Ƙarfen da ake zamarwa a kan tsirkiya fil ɗin fistin ne na lori, Kawu ya goge shi har kana ganin fuskarka. Idan ya faɗi a tsakuwa ya yi tabo, za ka ji tabon a kowace waƙa, sai an sake kwana biyu ana guga.

Dokar tsallake ɗaya ce: ba a tura ta ƙafa na kan feda. Na karya dokar sau ɗaya, a farkon koyona. Na ji ƙas, ƙugiya uku suka lanƙwashe. Kawu bai daka mini tsawa ba. Ya ajiye mini ƙaramar guduma da maƙera, ya tafi aiki. Kwana uku ina miƙe su. Duk wadda na kai masa, sai ya ɗaga ta a hasken rana, ya ce, "Wannan bayan tsohuwa ne," ya dawo mini da ita.

Ɗauri kuma ba irin na jitar hannu ba ne, da za ka murɗa kunne shida ka tashi. Za ka ɗaure tsirkiya goma sha shida a sake. Sannan ka taka feda ɗaya bayan ɗaya, mai haɗawa yana kwance a ƙasa da ƙaramar sifana yana daidaita inda kowace sanda za ta tsaya. Sannan ka tura tsallake, a maimaita a ɗaya wuyan. Ka gama da hantsi a inuwa, ka kai ta fili, ranar Tamale ta doke ta, kafin la'asar duk ta saki. Da damina katako ya kumbura, abin da ka daidaita jiya ya zama ƙarya yau. Shugaban makaɗanmu, Mista Ofori, mutumin kudu ne, akawu a ofis, shi ke busa ƙahon Turawa. Shi ke ba mu muryar da za mu ɗaure a kai. Zai tsaya a kaina da ƙahonsa, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Injiniya, ka gama? Mutane ya zo fa!" Kawu ya ce, "Ofori, in kana sauri shiga ka taya ta." Ya dubi farin wandonsa, ya koma gefe.

A shekarun da suka biyo bayan 'yanci aiki bai yanke mana ba. Kowane wata ana buɗe wani abu, makaranta, ɗakin shan magani, gada. Duk da rana ake yi, ana kafa rumfa, ana jawabi. Muna zuwa bikin auren malaman makaranta da ma'aikata 'yan kudu a Kalpohin, su ne masu son a maimaita waƙa ɗaya sau huɗu. Akwai alhazan kasuwa da ke cewa jita kayan shaiɗan ce, amma ka waiga ka gan su a jikin katanga, carbi ya tsaya a hannu. Wata tsohuwa mai sayar da koko ta taɓa zagayowa ta leƙa bayan akwatin murya, ta tambaye ni, "Ɗan wa kuka kulle a ciki yake wannan kuka?" An yi ta maganata a unguwa, budurwa tana bin makaɗa. Kawu ne ke kai ni, shi ke dawo da ni kafin magariba, wannan ne sharaɗin Mma. A shekara ta uku ya fara barina in zauna in yi waƙa ɗaya ko biyu idan taro ya fara watsewa.

Yanzu ga abin da ba ku gani idan kuna kallo daga nesa. Jitar nan ba ta da murya sai da lantarki. Waya ta fita daga jikinta ta shiga akwatin murya, akwatin kuma yana shan wuta. Tsirkiya ƙarfe, feda ƙarfe, tsallake ƙarfe, duk a haɗe suke, kuma duk a haɗe da cikin akwatin. Idan wuta ta ɓalle a ciki, ba ta da wurin zuwa sai jikin jitar. Daga nan ƙasa take nema, ta hanyar da ta fi kusa. Idan ba ka ba ta hanya ba, kai ne hanyar. Malamin kimiyya ya zana mana wannan a allo a aji uku, na ci jarrabawarsa da kyau. Kawu bai shiga aji ba, amma ya san haka tun kafin a haife ni.

Kariyarmu biyu ce. Ta farko turke: rodi ne mai tsawon hannu biyu, an ɗaura masa wayar tagulla zuwa jikin akwatin. Duk inda muka je, kafin komai, zan kafa shi da guduma har kansa kawai ya rage, in juye masa bokitin ruwa, don busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta. Ta biyu takalmin Kawu: na tayar mota ne, wani baduku a Zogbeli ya ɗinka masa da zare, babu ƙusa ko ɗaya. Turke nawa ne, takalmi nasa. Kafin ya kunna akwati sai mun yi tambayoyinmu, kullum, ko a tsakar gida ne.

"Turke ya shiga?"

"Ya shiga, Kawu."

"Ya sha ruwa?"

"Ya sha. Takalmi fa?"

Sai ya ɗago ƙafa ya karkaɗa. "Ga su, Malama."

Sauran makaɗa har kwaikwayonmu suke yi don tsokana.

Sai muguwar shekara ta zo, wadda kaya suka yanke daga waje. Kun tuna, har madara da sabulu sai da layi. Tsirkiyar jita kuwa ko a Kumasi babu. Muka koma warware wayar birkin babur, muna zaɓar sili mai kyau. Tana yin mako biyu ta tsinke, wata ta tsarge ni a nan ƙasan ido, tabon yana nan. Wannan duk mai sauƙi ne. Da tsakiyar damina taransifomar akwatin ta ƙone. Babu sabuwa. Kawu ya zauna mako uku yana sake naɗa ta da hannu, ni ina ƙirga zagaye. Takardar da ake sawa tsakanin naɗi babu ita, sai muka yanka buhun siminti muka tsoma a narkakken kyandir. Akwatin ya tashi, muryarsa ma ta fi da. Amma daga ranar ya fara cizo. Ka taɓa tsirkiya da bayan yatsa ba turke, ka ji kamar tururuwa ta hau ka. Mista Ofori ya taɓa jingina ƙahonsa a jikin jitar yana busa, ya yi tsalle yana kiran sunan uwarsa da Turanci da yarensu na Tuwi.

Kawu ya yi dariya har da hawaye, sannan ya daina. Ya ce, "Akwatin nan ya zama kare mai cizo. Kare mai cizo kuwa ba a sakinsa. Malama, daga yau bokiti biyu."

Ba da wasa yake ba. An taɓa kiranmu wani ofis da aka shafe farfajiyarsa duka da siminti, babu inda turke zai shiga, wayarsa kuma gajera ce, ba ta kai waje. Kawu ya naɗe kayansa a gaban manyan baƙi ya ɗora a kai. Mista Ofori ya bi shi har titi yana roƙo. Bayan nan jami'in da ke ba mu aikin bukukuwa ya aiko cewa idan muka sake kunyata shi, daga kudu zai riƙa ɗauko makaɗa. Mutum tara ne a ƙungiyar, kowa da iyali. Na ji wannan saƙon da kunnena, kuma ya zauna mini a kai.

Ranar da zan ba ku labari, famfon unguwa aka buɗe a Zogbeli. Bayan azahar ne, rana na ƙuna, ba ko gajimare. An ba makaɗa wuri a inuwar wata babbar kuka, famfon yana sama da mu kaɗan, an yi masa sabon dandamali na siminti. Wuta daga wani kanti aka jawo ta da doguwar waya. Na shimfiɗa tabarma, na kafa jitar, muka ɗaure wuya biyun. Sannan na ɗauki turke da guduma na zagaya bayan kukar.

Duka ɗaya na yi. Kafin na biyu, wani ya riƙe mini wuyan hannu. Tsoho ne, Badagombe, siriri, da 'yar riga mai layu. Sai a lokacin na ga farin ƙyalle ɗaure a gindin bishiyar, da gashin kaza manne a saiwa. Daga gidan tindana yake, wato mai kula da ƙasa a wurin Dagomba.

Ya ce, "'Yata, nan ba a sa ƙarfe a ƙasa."

Na durƙusa. Na ce, "Baba, ba raini ba ne. Wutar akwatin ce, idan ba ta sami hanya ba, mutum take bi."

"Wutar Bature ta Bature ce. Ƙasar nan ta riga shi zuwa. Duk inda inuwar nan ta kai, ba a huda ta."

"Baba, ɗan kaɗan ne, in an gama zan cire."

"Idan na soke ki da allura na cire, ban soke ki ba?"

Ba da faɗa ya yi maganar ba. Ya saki hannuna, ya zauna a kan saiwa, ya zuba mini ido. Na auna wayar turken da ido. Ba ta fita inuwar. Abin da ya kamata in yi sananne ne: in je in gaya wa Kawu. Taku goma ne. Na san kuma abin da zai yi, zai naɗe kayansa. Motocin manya sun fara isowa, 'yan makaranta sun jeru da tutoci, na hango jami'in nan yana duba agogo, Mista Ofori yana goge gumi. Na ce a raina, ai yana da takalmi. Ƙasa a bushe take ƙamas, ga tabarma. Yau ɗaya.

Na jingina turken a bayan bishiya, na rufe shi da buhu, na dawo.

"Turke ya shiga?"

"Ya shiga, Kawu."

"Ya sha ruwa?"

"Ya sha. Takalmi fa?"

"Ga su, Malama."

Ya kunna akwatin.

Sai ga kiɗan lunga, kalangun Dagomba, Naa ya iso, wato sarkin da aka gayyato. Kowa ya tuɓe takalmi ya tsuguna, kamar yadda ake yi. Mu ma mun saba: Kawu zai tuɓe, ya gaishe shi, in an zauna ya mayar da abinsa a ɓoye a ƙarƙashin jitar. Amma ran nan kujerar Naa daidai gabanmu aka ajiye ta, ba abin da ya raba. Wani bafade ya zo ya ce mace ba ta zama a nan, in koma wajen mata. Na koma. Daga can na ga Kawu ya zura ƙafa a takalminsa, na ga bafaden ya dawo ya tsaya a kansa.

"Makanike, takalmi a gaban Naa?"

Kawu ya yi masa bayani, ban ji me ya ce ba. Bafaden bai motsa ba. Mutane sun fara juyowa. Mu Hausawan Tamale, ko an haife mu a nan, mun san a ƙasar wasu muke zaune, kuma Kawu mutum ne mai kiyaye wannan. Ya bi wayar tagulla da ido har inda ta ɓace a bayan kukar. Sannan ya nemo ni a cikin mata, ya ɗaga gira.

Na gyaɗa masa kai.

Wannan ne ban taɓa gaya wa kowa ba sai Mma. Sau biyu na yi masa ƙarya, ta biyun ko baki ban buɗe ba. Ya tuɓe takalman, ya jera su a gefe, kai da kai, kamar a ƙofar masallaci. Ni na dogara da takalminsa, shi ya dogara da turkena.

Sun yi waƙa biyu a wuyan kusa lafiya. Na ga yatsun ƙafarsa suna ɗan noƙewa a kan feda, na ga ya haɗa gira, amma ya ci gaba. Aka yi jawabai. Sannan babban baƙo ya murɗa kan famfo. Ruwa ya ɓarke da ƙarfi, mata suka rangaɗa guɗa, yara suka ruga suna tara hannu. Ba a riga an haƙa lambatu ba. Ruwan ya cika dandamalin, ya zubo, ya kama gangara. Ina kallonsa yana tafiya a kan jar ƙasa, siriri, yana tura busasshen ganye a gabansa, ya nufi kukar.

Na miƙe. Matar da ke kusa da ni ta ja mini zane. "Ke, zauna! Naa zai yi magana." Na zauna. Ku rubuta wannan ma a kaina. Na zauna.

Naa ya yi gajeren jawabi. Ruwan ya shiga ƙarƙashin tabarmar, na ga launinta ya sauya. Mista Ofori ya ɗaga hannu a yi kiɗan manya. Wannan na wuyan nesa ne. Kawu ya ɗauke ƙafarsa daga feda, kamar yadda doka ta ce, ya dire ta a tabarma. Hannun hagu yana kan tsirkiya da ƙarfensa. Ya miƙa na dama ya kama tsallake.

Ƙarfen zamarwa da yatsu ake riƙe shi, sako-sako, in ya cije ka kana iya yarwa. Tsallake kuwa da dukan tafi ake damƙar ta. Wuta idan ta kama tafi, rufe shi take yi.

Jitar ta yi wani kuka mai tsawo, yana hawa yana rawa, ban taɓa jin irinsa ba. Mutane suka yi tafi. Wallahi tafi suka yi, wani har ya yi kirari, sun ɗauka gwaninta ce. Kawu yana zaune a miƙe, haƙora a cije, idonsa a buɗe. Ban san lokacin da na tsallake matan ba. Ban nufe shi ba, wannan kaɗai na yi daidai a ranar, don da na taɓa shi da mu biyu ne. Na bi doguwar wayar na fizge ta daga mahaɗa. Kukan ya yanke. Ya kifa a kan jitar.

A motar jami'in aka kai shi asibiti. Kafin a isa ya cika. Masu wanka sun ce a tafinsa na dama akwai zanen libar, fari, kamar an ɗora da alli.

Kafin sadakar uku magana ta zagaye gari: wai 'yar bokon nan ta kafa ƙarfe a ɓoye a gindin kukar bayan an hana ta, ƙasa ta rama. Har yau akwai matan da ke janye 'ya'yansu idan na wuce. Tsohon nan ya zo gaisuwa da kansa. Ya tsuguna a zaure, ya sa aka kira ni. Ya ce, "Na gaya musu ba ki sa ba. Ina wurin. Kin ji maganata, ke 'yar kirki ce." Yana nufin ya wanke ni. Na yi masa godiya, na koma ciki.

Ban ɗora wa tsohon laifi ba, gadonsa ya tsare, kuma a fili ya faɗi abin da zai faɗa. Bafaden ma aikinsa ya yi. Mista Ofori yana cewa laifinsa ne da bai nemo sabon akwati ba. Liman ya ce ajali ne, kuma na yarda ajali ne. Amma taku goma ne tsakanina da Kawu.

Ranar Juma'ar da ta wuce na gaya wa Mma, tana tankaɗen garin tuwo. Ba ta ɗago ba. Ta gama kwano guda, ta juye, ta ɗebo wani.

"Da kin gaya masa, da ya naɗe kayansa."

"Eh, Mma."

"Da jami'in ya kore ku."

"Eh."

"Da yanzu yana nan yana cika mini gida da baƙin mai."

Ta ci gaba da tankaɗe.

Don haka, ku masu son koyo, ga sharaɗina. Zan koya wa wanda ya dage, don in ban koyar ba aikin Kawu ya bi shi kabari, kuma ba wanda ya san cikin jitar nan sai ni. Amma wata shida ba za ka taɓa tsirkiya ba. Turke da guduma da bokiti zan ba ka. Kuma ranar da za a hana ka kafawa tana zuwa, ko don al'ada, ko don siminti, ko don babban mutum yana sauri. Wanda zai hana ka zai girme ka, wataƙila ma yana da gaskiyarsa. Ba na son ka yi masa rashin kunya. Ina son ka durƙusa, ka ce ka ji, ka taka taku goman nan, ka ce wa mai zama, "Bai shiga ba." Idan bakinka ba zai iya wannan ba, je ka koyi ganga. Ganga ba ta kashe kowa.

Jitar tana ɗakin Kawu. Mista Ofori ya samo aron wani akwatin murya mai lafiya daga wata coci, ya kawo da kansa, ya ce, "Injiniya, ba dole. In ka shirya." Jiya da hantsi na fito da ita tsakar gida. Tsallake tana nan inda ya bar ta, a tsakiya, ba ta kama wuyan kusa ba, ba ta kai na nesa ba. Na kafa turke a gindin magaryarmu har kansa ya nutse. Na juye bokiti uku. Na cusa tsumma a takalman Kawu don sun yi mini yawa, na saka. Na zauna. Hannuna yana kan makunni, na kasa murɗawa, don ba a kunnawa sai an yi tambaya, kuma babu mai yi.

Sai na ji muryar Mma daga ƙofar madafa.

"Turke ya shiga?"

Ashe duk shekarun nan tana jin mu.

"Ya shiga, Mma."

"Ya sha ruwa?"

"Ya sha."

Ta dube ni. Ta ajiye muciya, ta goge hannu a zane, ta ratsa tsakar gidan har gindin magarya. Ta sunkuya ta kama kan turken ta girgiza da ƙarfi. Ta tura yatsa a cikin lakar. Sannan ta miƙe ta ce, "To, kunna."